Kwalin Da Lola Ta Ɗaga

Jama'a ku matso kusa, yau bakina cike yake da magana. Ina rubuta muku wannan ne ƙafafuna biyu a cikin bahon ruwan ƙanƙara, farcen babban yatsana ya yi baƙi ƙirin, lambar yabo tana rataye a wuyana, kuma na rantse da ita zan tafi aiki gobe ko da za a yi mini dariya. Eh, na yi gudun! Ni Jonalyn, wadda hawa benen gidanmu kaɗai ke sa ta haki, na cinye kilomita ashirin da ɗaya da ƙafata. Amma ku dakata da tafin tukuna, don abin da ya same ni a hanya ya fi gudun kansa.

Wanda yau ya fara shigowa, bari in ɗan ja shi a hannu. Sunana Jonalyn Dimaculangan, a gida Jona. A nan Winnipeg aka haife ni, ina zaune da mahaifiyata Nanay Belen da kakata Lola Toyang. Mahaifina, Tatay Efren, direban bas ne na birni, ya rasu bara a wani gidan jinya na waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin magani. Mutanen gidan nan ba zan manta da su ba har abada. Sun bar mu mun kai tukunyar shinkafarmu ɗakinsa, sun bar shi yana rera waƙa da makirufo da rana tsaka, har wata nas tana yi masa amshi. Shi ya sa da suka ce suna neman masu shiga gudun famfalaki na rabin zango, wanda ake yi Ranar Iyaye Maza, don a tara musu gudummawa, ban tsaya tunani ba na ba da sunana. Direbobi abokan aikinsa suka sa hannu a aljihu, matan cocinmu suka sa, har mai gyara mini gashi. To kun san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai kuma Renzo Macaraeg. In kun taɓa zama a bencin jiran bas a unguwarmu, to da fuskarsa kuka jingina, don dillalin gidaje ne, hotonsa yana manne ko'ina yana washe haƙora. Kar ku ji na faɗi haka ku ɗauka ba shi da kirki. Shi ya yi ta kwashe mana dusar ƙanƙara a ƙofar gida duk sanyin bana ba wanda ya roƙe shi, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar Tatay. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Abu biyu ne kawai suka tsaya mini a wuya. Renzo ba ya iya miƙo mini ko ruwan sha sai an kunna kyamara. Sannan tun da nake da shi ban taɓa jin ya ce wa Nanay a'a ba. “To, Tita.” “An gama, Tita.” Tita ɗin nan goggo ke nan a harshenmu. Wani lokaci sai in rasa ni yake nema ko ita.

Ita kuwa Nanay, tun watan Janairu da na fara fita atisaye waƙa ɗaya take yi mini. In na sauko da sassafe na naɗe jikina da riga uku da hula da safar hannu, idona kaɗai a waje, sai ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

“Wa ya biyo ki, anak, 'yata?”

“Ba kowa, Nanay.”

“To a garinmu in kika ga mutum yana gudu, ko kare ne ko ambaliya. Ke kina gudu ba a biyo ki ba, wanda yake bin ki kuma kin ƙi tsayawa ya kama ki.”

“Nanay, sai na dawo.”

“Shekara ashirin da tara! Ni a shekarunki har kin shiga makaranta!”

Daga falo Lola za ta ce, “Ƙyale ta, Belen, ai ba da ƙafarki take gudun ba.” Ni dai sai in ja ƙofa in fice.

Sanyin garin nan ba sai na ba ku labari ba. A kan kogi muke gudu bayan ya daskare, gashin idona yana haɗewa da ƙanƙara. Ranar farko ko gadar da ke kan kogin ban kai ba na tsaya na riƙe gwiwa ina hawaye. Wadda ta ɗago ni ita ce Gudrun Halldorson, shugabar ƙungiyarmu ta masu atisayen gudu, tsohuwar malamar makaranta, doguwa siririya mai furfura, ta girmi Nanay nesa amma ta fi ni numfashi. Ita ce zomonmu. A irin wannan tsere akwai masu ɗaura kunnuwan zomo a ka, suna riƙe da ɗan sanda da aka rubuta lokacin da za su isa. Sabon shiga sai ya manne musu, don ba sa sauri, ba sa nawa, kuma ba sa tsayawa saboda kowa. Da haka na bi bayan Gudrun har ƙanƙara ta narke, sauro ya karɓi gari. Ranar da na fara yin kilomita goma ban tsaya ba, wallahi rawa na dinga takawa a wurin ajiye motoci.

Ranar jajibere Nanay ta cika faranti da pancit, taliyar nan tamu mai kabeji da kaza, ta ce in ci in ƙoshi. Ina cikin ci ta kama hannuna ta juya shi tana yatsina fuska.

“Tashi ki je a gyara miki farce.”

“Farce kuma? Da ƙafa fa zan yi gudun.”

“Mace ba ta shiga jama'a da hannu irin na mai haƙar dankali. Na riga na kama miki layi.”

Don a zauna lafiya na je, aka shafa mini ruwan hoda mai ƙyalli. Ina zaune yana bushewa saƙon Renzo ya shigo, da jajayen zukata a jere: “Gobe babbar rana ce, Jona! Ina jiran ki a layin ƙarshe. Ki yi murmushi in kin shigo.”

Na rubuta masa da gefen yatsa, “Ranar Tatay ce, Renzo.”

Ya ce, “Na sani mana.”

Ni da shegen rashin lura, ban kawo komai a raina ba.

Washegari gari ya waye tas, sama ba ko gajimare. Na sa rigar gidan jinyar mai launin shunayya, da hoton Tatay a baya sanye da hular aikinsa, a ƙasa an rubuta DOMIN EFREN. Baƙin gajeren wando, kitso biyu, lamba a ƙirji, sai tsohon kambas ɗina da ya sha wuya, don Gudrun ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. An tsara cewa Nanay da Renzo za su jira ni a filin wasa inda ake ƙarewa, Lola da matan coci kuma za su tsaya bakin lambun shaƙatawa wajen rabin hanya, in na wuce mota ta kwashe su zuwa filin.

Wayyo daɗi! Ban taɓa ganin taron mutane irin wannan ba, kowa yana tsalle yana ɗumama jiki. Aka rera taken ƙasa, aka busa ƙaho, muka ɗunguma. Mutane sun fito ƙofar gidajensu da kujeru da kofi, wasu suna fesa mana ruwa da tiyo, yara suna miƙo hannu a tafa, wani dattijo yana dukan tukunya da cokali. Kowa da kwalinsa. Wani ya rubuta, “Ba ku san ana sayar da mota ba?” Na yi dariya har na kusa shaƙewa. Ƙafata tana tafiya da kanta, idona a kan kunnuwan Gudrun suna ta kaɗawa, zuciyata fes. Na ce a raina, ashe haka abin yake, shi ya sa mutane ba sa tuba.

Tun daga nesa na hango su Lola. Abin da ya fara ba ni mamaki shigarsu ce. Kowa a bakin titi da gajeren wando da silifa, su kuwa rigunan zuwa biki, da 'yan kunne da jan baki, Tita Nening shugabar mawaƙan coci har da takalmi mai tsini. Lola tana hakimce a kujerar naɗewa, babu tabarau a fuskarta, don ta ce yana tsofar da ita a hoto. Kwalaye biyu ne jingine a ƙafarta.

Tita Nening ta ƙwala ihu, “Ga ta nan! Ga ta nan! Lola, ɗaga!”

Lola ta laluba ta ɗauki ɗaya, ta ɗaga shi sama da hannu bibbiyu tana washe baki.

KI CE EH, JONA!

Da manyan baƙaƙe. A gefe an zana ƙaton zobe da ƙyalƙyali, a ƙasa an manna fuskar Renzo, irin ta jikin benci.

“Ba shi ba! Lola, ba shi ba ne!” Tita Nening ta yi kansa da gudu a kan tsininta. “Wannan na filin wasa ne! Sauke!”

Lola ta juyo da kwalin ta kai shi dab da hancinta. “Yesu, Maryamu, Yusufu!” Ta cusa shi ƙarƙashin kujera, ta ɗago tana kaɗa mini hannu. “Jikalle, ba ki ga komai ba! Yi ta gudunki!”

Jama'a! Na dubi hannuna, farce yana ta ƙyalli a rana. Sai yanzu na gane. Farcen, kayan bikin, “ki yi murmushi in kin shigo.” Ashe kowa a cocinmu ya sani, ni kaɗai ce baƙuwa a bikina.

Gudrun ba ta ko waigo ba ta ce, “Numfashinki ya canza. Ciwo ne?”

“Aure ne.”

“Au. Na ga kwalin. Murna zan taya ki ko jaje?”

“Ban sani ba!”

“To ki sani kina gudu, ni dai ba na tsayawa.”

Ku fahimce ni. Tun cikin sanyi abu ɗaya nake hangowa duk sanda ƙafata ta ce ta gaji: in taka layin nan, in ɗaga kai sama, in ce Tatay na iso. Shi ke nan. Ban nemi komai ba bayan wannan. Yanzu kuwa na san abin da ke jira na, don na san Renzo. Makaɗa, mai kyamara, ƙaton allon filin wasa da fuskata a kai ina zufa, shi kuma gwiwa ɗaya a ƙasa, dubban mutanen da ba su san sunan ubana ba suna ihun in ce eh. In na ce eh, ba ni na faɗa ba, Nanay ce da taron jama'a. In na ce a'a, na kashe shi a tsaye a gaban duniya. Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni, kuma haushinsa da tausayinsa suka haɗe mini wuri ɗaya.

Muka zo wata kwana inda na san akwai tashar bas a bayanta. Na ce, “Gudrun, in na fita a nan fa?”

“Sai ki fita. Amma mutumin da ke bayan rigarki, tare za ku fita.”

Na wuce kwanar ban fita ba.

Ta ce, “Kina da baki, kina da waya a damtse. Wa ya ce miki sai a bakin layi ake magana?”

Na zare wayar, hannuna yana santsi da gumi, na danna saƙon murya. Ina gudu ina haki ina magana.

“Renzo, na ga kwalin. Lola ta ɗaga. Ka saurare ni da kyau. Ina son ka, amma in ka sa gwiwa a ƙasa a filin nan yau, amsar a'a ce. Ba wasa nake ba. Yau ta Tatay ce. Ka bar mini ita, don Allah.”

Ya tafi. Na zuba ido in ga ya buɗe, bai buɗe ba. A wurin shan ruwa na gaba na sake dubawa, har yanzu. Na san inda wayarsa take, tana kafe a kan sanda tana jiran ɗaukar hotona. Na mayar da tawa damtse, na ce duk abin da zai faru ya faru.

Daga nan gudu ya daina zama wasa. Wajen kilomita sha bakwai cinyoyina suka yi nauyi, rana ta take, yatsana yana zafi kamar na taka garwashi. Masu kwalaye suna ta ihu amma ban ƙara jin abin dariya ba. Na fara ja da baya, kunnuwan Gudrun suka fara yi mini nisa, kuma kamar yadda ta faɗa, ba ta jira ni ba.

A wata mararraba an tare motoci saboda mu, akwai bas ɗin birni a tsaye, direban ya fito bakin ƙofa yana kallo. Na wuce shi kenan na ji murya a bayana.

“Efren! Kai, Efren ne! 'Yar Efren ce!” Ya koma ciki da gudu ya danna oda, ya sake dannawa, fasinjoji suka leƙo ta taga suna tafi. “Taka, yarinya! Babanki bai taɓa makara ba!”

Ban san shi ba, ban ma ga fuskarsa sosai ba. Hawaye suka zubo mini, amma wani ƙarfi ya zo mini daga inda ban sani ba. Na ɗaga ƙafa. Sannu a hankali na kamo Gudrun. Da aka fara hango fitilun filin wasa ta dube ni a karon farko, ta nuna gaba da sandanta.

“Wuce ni. Ba a ƙarewa a bayan zomo in da sauran numfashi.”

Na wuce ta! Ni Jona na wuce Gudrun! Na bi ta ƙarƙashin rumfar shiga, duhu na ɗan lokaci, sai haske, sai ciyawa shar, sai ihun da ya cika mini kunne. Ga fuskata a ƙaton allo, ja wur, kitso ɗaya ya warware. Mai sanarwa ya ce, “Ga Jonalyn Dima... Dimacu... ga Jonalyn nan!” Idona yana ta neman mutum a durƙushe. Sai na ce wa kaina a'a, ba don wannan kika zo ba. Na ɗaga kai sama, na ware hannuwa, na taka layin.

“Tatay, na iso.”

Na faɗa da ƙarfi, na fashe da kuka, ina kuka ina dariya. Wata mata ta rataya mini lambar yabo, ta rungume ni da gumin da komai. Babu kiɗa. Babu wanda ya tare ni. Na samu lokacina ni da babana, cikakke, har na gaji don kaina na share fuska.

Sai a lokacin na gan su a bayan shinge. Samari uku da fararen riguna riƙe da jita, ba wanda ya taɓa tsirkiya. Mai kyamara ya sauke kyamararsa ƙasa. Nanay cikin doguwar rigarta ta ranar Kirsimeti. Renzo cikin kwat, a tsaye a kan ƙafafunsa biyu. Na ɗingisa na nufe su, na tarar Nanay tana jan hannun rigarsa.

“Yanzu ne! Renzo, ga ta nan, ka durƙusa mana! Ku kuma ku kaɗa, me kuke jira?”

“A'a, Tita.”

Jama'a, na ɗauka gajiya ce ta taɓa mini kunne.

Nanay ta saki baki. “Me ka ce?”

“Na ce a'a, Tita. Ta ce ba yau ba.”

“Ta ce? Ita ta san abin da take so ne? Na gayyato rabin coci! An gasa alade sukutum yana jira a gida!”

“Sai a ci don ta gama gudu. Ai abin a ci ne.”

Renzo bai janye ba. Nanay ta dube shi, ta dube ni, ta dubi makaɗan, ta buɗe jaka ta ciro mafici ta shiga fifita da ƙarfi.

Renzo ya matso jikin shingen. Idonsa ya yi ja, kuma babu murmushin nan na talla. Ya ce, “Saura kaɗan ban ji ba. Mai kyamara ne ya ce saƙo ya shigo wayata yana tare allo.” Ya dube ni. “Na saurara har na haddace. Sannu, Jona. Kin yi shi.”

Ban taɓa ganin sa haka ba, ba haske, ba shiri, mutum kawai da aka karya wa zuciya kuma ya tsaya mini duk da haka. Wani abu ya narke a ƙirjina. Na ce, “Renzo, maganar zoben...”

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan akwatin. Tita Nening, da isowarsu kenan da Lola, ta dafe ƙirji ta ja numfashi. Amma bai buɗe ba, bai kuma durƙusa ba. Ya kamo hannuna ta saman shinge, ya ɗora mini shi a tafi, ya rufe yatsuna a kai.

“Na kusa ɓata miki ranar da ta fi kowacce, ina ganin gwaninta nake yi. Ba zan sake yin kirdado ba. Ki riƙe shi. Ranar da kika shirya, ke za ki tambaye ni.”

Ya juya ya tafi wajen Lola, wadda ke ta ba kowa haƙuri tana ɗora laifin a kan tabarau, ya riƙe mata hannu suka nufi mota. Bai waigo ba.

Na tsaya a wurin, akwati a hannuna, Nanay tana harara ta ta saman mafici. Eh ta cika mini baki fal, tawa ta kaina, wadda ba wanda ya sa ni. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna babu wanda ya tambaye ni.